Shawara: 'Yata ta faɗi a wurin wasan yara bara, bana maigida ya hana mu zuwa

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce a unguwar Zango a nan Damagaram, ina da 'ya'ya huɗu: ta fari shekararta tara, mai bi mata shida, sai ɗan shekara uku, da jaririya 'yar wata huɗu. Bara, washegarin ƙaramar Sallah, na kai su wurin wasan yara inda ake hawa lilo da dokin ƙarfe. Mun isa kafin azahar, muka yi ta bin layi har la'asar, ta farin ce ke ɗauke da ƙaninta. Na sai musu lemon kwalba da alawar ƙanƙara, kuma babu wanda ya ce mini yana jin ƙishirwa. Can sai ta ce kanta na ciwo, ba a jima ba ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti an yi mata ƙarin ruwa, likita ya ce ruwan jikinta ne ya yi ƙasa. Surukata Hajiya ta ce bakin mutane ne. Bana maigida ya ce ba inda za mu, yara kuwa sai kuka suke. Hajiya ta ce in za a je da ita za a je, ga shi tana da hawan jini, kuma washegarin Sallah take fara Sitta Shawwal. Yaya zan yi?

Wata uwa daga Zango, Zinder

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, ya raya miki su baki ɗaya. Zan fara da maigidanki, domin yana da hujja: uban da aka kira aka ce 'yarsa na kwance a asibiti ranar da kowa ke murna, dole ne ya ga da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada ki ɗauki haninsa a matsayin taurin kai. Sai dai abin da ya kayar da 'yarki sananne ne, ana iya tare shi tun daga gida, kuma a ganina za ku iya zuwa bana idan kin sauya lokacin fita, sannan aka sami babban mutum guda wanda aikinsa a ranar shi ne shayar da kowa ruwa a kan lokaci, ko an nema ko ba a nema ba.

Jiki yana kare kansa daga zafi ne ta hanyar gumi: ruwa ya fito a kan fata, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. A garuruwa masu laima kamar Kwatano ko Legas riga kan jiƙe sharkaf, mutum ya gani da idonsa cewa yana zubar da ruwa. Mu nan kuwa, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, iskar bazara busasshiya ce ƙayau, gumin yana bushewa kafin a gan shi, abin da yake bari sai ɗan farin gishiri a wuyan riga. Shi ya sa uwa za ta dubi ɗanta ta ga jikinsa a bushe ta zaci lafiya lau yake, alhali tun hantsi ruwa ke fita daga jikinsa. Babban mutum da ke zirga-zirga a cikin irin wannan rana yana iya zubar da kusan lita guda ta gumi a cikin awa ɗaya. Kuma idan kin ji an ce zafin Zinder ya kai digiri 41 ko 42, a inuwa aka auna shi. Wanda ke tsaye a layi a kan rairayi ko siminti, ga ƙarafen lilo na mayar masa da wuta kamar yadda duwatsun unguwar Birni ke yi da yamma, abin da yake sha ya wuce haka. A ƙarshen azumin 2024, lokacin da zafi ya mamaye yankin Sahel, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, kuma ƙaramar Sallah a shekarun nan tana faɗowa ne a cikin wannan lokaci na bazara ko a bakinsa. Idan ruwa ya ragu a jiki, jinin da ke zagayawa ma yana raguwa, zuciya ta yi ta bugawa da sauri don ta cike gurbi, kai ya fara sarawa. Mutum kuma in ya daɗe a tsaye wuri ɗaya jini kan taru a ƙafafu, wanda ke isa ƙwaƙwalwa ya yi ƙasa, sai jiri, sai suma. Abin da kika kwatanta ke nan, daki-daki.

Kin ce babu wanda ya ce miki yana jin ƙishirwa, kuma na yarda. A nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani sosai. Ƙishirwa ba ta zuwa da wuri, sai ruwa ya riga ya ragu take sallama, yaron da idonsa ke kan lilo kuwa ko ta zo ba zai saurare ta ba, don yana tsoron ya fita daga layi a cinye masa wuri. Amma a kan 'yarki akwai ƙarin abubuwan da nake zato, ki duba ki gani ko na yi daidai. 'Yar fari ce, kuma mun san alkunyar da ke tsakanin uwa da 'yar fari a ƙasar Hausa: ba a kiran sunanta, ba a nan-nan da ita a gaban jama'a, ita ma ta saba ba ta kawo kukanta da wuri. Ga ta ɗauke da ƙaninta, wato tana aikin babba da jikin yarinya, zafin jikinsa yana haɗuwa da nata. In an sayo abin sha, babbar ya ce ke miƙa wa ƙanne ta sha ragowa. Sannan akwai abin da ba a cika faɗi ba, wato banɗaki. 'Yan mata da yawa, har da mu manya, da gangan muke rage shan ruwa idan za mu wurin taro, domin kada fitsari ya kama mu a inda makewayin ba shi da tsabta ko ba shi da ƙofar kirki. Yarinya 'yar shekara takwas ta isa jin wannan kunya, kuma ba za ta gaya miki ba. In ta taɓa gwada azumi a kwanakin ƙarshe na Ramadan, to ta shiga Sallah ma da ragowar gajiya. Alkunya tarbiyya ce mai kyau, ba na cewa ki yar da ita, amma ranar fita irin wannan ki ba wata ƙanwarki ko ƙanwar maigida amanar yarinyar, ta riƙa miƙa mata ruwa a hannu tana tsaye har ta shanye. Da kun isa kuma, kafin kowa ya hau komai, ki nemo inda banɗaki yake, ki kai 'yan matan su gani, ki nuna musu kin zo da buta da sabulu da zanen da za a yi musu labule in ta kama. Yarinyar da ta san za a raka ta ba za ta ƙi shan ruwa ba.

Lemon kwalba da alawar ƙanƙara da kika saya ba laifi ba ne, kowace uwa haka take yi ranar Sallah, sai dai ba su isa ba. Kwalba ɗaya ba ta kai ko rabin lita ba, ga sukarin da ya kai ƙananan cokula takwas ko tara a cikinta, wanda ke cika ciki ya kashe sha'awar ruwa, wani yaron ma ya sa masa tashin zuciya in ya hau abin da ke juyawa. Alawar ƙanƙara kuwa baki kawai take sanyayawa, ruwan da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Ki bar su a matsayin kayan marmari, kowa ɗaya, bayan an sha ruwa. Lemukan gwangwani masu sa kuzari da samari ke sha kada su kusanci yaro ko Hajiya, saboda sinadarin da ke cikinsu yana ƙara bugun zuciya.

Ga lissafin da zai yi miki sauƙi. Ledar ruwa da ake sayarwa rabin lita ce. Yaro ɗan makaranta da ke wasa a cikin zafi yana buƙatar kamar leda guda a kowace awa, kuma a rarrabe, wato kurɓi mai kyau duk bayan minti ashirin, ba a ɗura masa gaba ɗaya ba. Ɗan shekara ukun rabin haka ya ishe shi. Ke da kike shayarwa ki yi nufin leda ɗaya da rabi zuwa biyu a awa. Idan za ku yi awa uku, kuma aka haɗa da ruwan da za a jiƙa kai da wuya da na wanke hannu, lita goma zuwa goma sha biyu za ki tanada. Tunda ba kowa ke duba agogo a cikin hayaniya ba, ki ɗaura shan ruwan a kan wasan kansa: kafin a shiga kowane layi a sha, in an sauko a sha, wanda bai sha ba ba ya hawa na gaba. Yara suna bin doka irin wannan da sauri idan an faɗa musu ita tun a gida kuma ba a sassauta wa kowa ba. Kada kuma a wuce gona da iri. Babban mutum ma bai kamata ya haura lita ɗaya da rabi a cikin awa guda ba, domin ruwa zalla mai yawan gaske ba tare da abinci ba yana tsinka gishirin jini, shi ma ciwo ne. Shirin yana farawa ne tun daren jiya da safiyar ranar: kowa ya sha ruwa sosai, a karya da koko ko kunu, a ci abincin rana a gida, sannan ki lura da fitsarin ƙananan kafin a fita. In ya yi fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, jiki ya ƙoshi. In ya yi ja kamar shayi kuma kaɗan ne, ba a shirya fita ba tukuna.

Ruwan ki taho da shi daga gida. Duk ɗan Damagaram ya san garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma a bazara unguwa kan kwana biyu famfo bai kawo ba, 'yan ga-ruwa su yi tsada. Saboda haka kada ki bari sai ranar, ki cika jarkarki tun jajibiri. In kina shakkar tsabtar ruwan ki tafasa shi ya huce, ko ki sa ƙwayar tsabtace ruwa da ake samu a kantin magani bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta. In kina da kula da ƙanƙarar da kika san asalinta, madalla. In babu, ki naɗe jarkar da buhun algarara ko tsohon zane, ki jiƙa shi, ki ajiye a inuwa inda iska ke bugawa. Dabarar da ke sanyaya randa da salka ke nan, kuma a busasshiyar iskarmu tana aiki ƙwarai. Ruwa mai ɗan sanyi yara sun fi shan sa da yawa, shi ne amfaninsa. Abin da nake tsoro shi ne zoɓo da kunun aya da ƙanƙarar da ake ƙullawa ana sayarwa a bakin ƙofa, waɗanda ba ki san ruwan da aka yi su da shi ba. Amai da gudawa a kan jikin da rana ta riga ta tsotse ya fi komai saurin kwantar da yaro. In suna son zoɓo, ki dafa naki, ki rage sukari.

Gumi da gishiri yake fita, don haka a haɗa ruwan da ɗan abin ci. Kankana da lemon zaƙi da kokwamba kusan duk ruwa ne, fura da nono mai ruwa-ruwa kuwa in an dama ta a gida aka riƙe ta da sanyi tana riƙe ciki, amma kada ta wuni a rana. Ki jefa ƙunshi biyu ko uku na garin gishiri da sukari na asibiti, wanda ma'aikatan lafiyarmu ke kira SRO, a cikin jakarki. Ƙunshin lita ɗaya ana zuba shi ne a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato leda biyu, kuma abin da ya kwana ya wuni zubar da shi ake yi. In babu, a lita ɗaya a sa sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishirin da sunan ƙarfi. Wannan na wanda ya fara galabaita ne, mai lafiya ruwa da abinci sun ishe shi.

Jaririyar kada ki ba ta ruwa, ko da wani ya ce miki zafi ya yi yawa. Kafin wata shida nono kaɗai ya wadatar, mafi yawansa ruwa ne, kuma ruwan da za a ɗura mata yana cika ɗan cikinta ya rage tsotso, yana iya kawo mata gudawa. Abin da za ki yi shi ne ki ƙara yawan ba ta nono, ke kuma ki sha ruwa duk lokacin da kika sa ta. Goyo a ƙarƙashin hijabi mai kauri a tsakar rana haɗari ne, domin zafinki da nata suna taruwa ba iska. Ki riƙa sauke ta a inuwa, ki taɓa maɗigarta, ki lura ko tana jiƙa ƙyallenta kamar kullum. Gaskiyar ra'ayina ma, in akwai wadda za ki bar wa ita a gida na awa biyu da nonon da kika tatsa a mazubi mai tsabta, ko ke ki zauna da ita a inuwa wasu su bi yaran layi, ya fi mini kwanciyar hankali.

Batun Hajiya shi ne ya fi damuna a wasiƙarki. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar matasa ko da jikinsu na buƙatar ruwa, kuma daga cikin magungunan hawan jini akwai masu sa yawan fitsari, waɗanda ke rage ruwan jiki tun kafin rana ta taɓa mutum. Dattijuwa mai irin wannan magani, da azumi a bakinta, a cikin taro da zafin bazara, ita ce ta fi kowa kusa da faɗuwa. Kada ta daina shan maganinta da kanta, wannan hukuncin likitanta ne, kuma shi za a tambaya yawan ruwan da ya dace da ita idan tana da matsalar zuciya ko ƙoda. Sitta Shawwal kuwa nafila ce, kuma watan gaba ɗaya lokacinta ne, ba dole sai washegarin Sallah ba. Ki roƙi maigida, shi da yake ɗanta, ya lallashe ta cikin ladabi: ko ta ɗage azumin ranar ta raka jikokinta, ko ta riƙe azuminta ta zauna a gida a kawo mata labari. Ita za ta zaɓa, amma kada a haɗa biyun.

Kuskure mafi girma na bara shi ne lokaci. Tsakanin azahar da la'asar ne zafi ke kai maƙura, ku kuma a lokacin kuke tsaye. Bana ku fita bayan sallar la'asar, rana ta yi sanyi, ku dawo da magariba ko jim kaɗan bayanta. In wurin yana buɗewa da safe, daga hantsi zuwa ƙarfe goma sha ɗaya ma ya yi. In za ki iya haƙura da washegarin Sallah ki bari sai rana ta uku ko ta huɗu, layi ya ragu, tsayuwa ta ragu. Shadda mai sitaci da leshi mai roba a bar su na yawon gaisuwa, a sa wa yara atamfa ko yadin auduga mai haske sakakke, da hula ko ɗankwali da za a riƙa jiƙawa. Ki taɓa ƙarfen lilo da abin zamiya da tafin hannunki kafin yaro ya zauna, don ƙarfen da ya wuni a rana yana ƙona fata. In da mota kuka je, kada a bar yaro a cikinta a rufe ko na minti biyar.

Duk da wannan shiri, ki san alamun da za su sa ki dakatar da wasa. Yaron da ya yi shiru bayan yana ta surutu, ko ya fara rigima ba dalili, ko ya ce kansa na ciwo, ko leɓɓansa suka bushe, ko ya yi kuka ba hawaye, ko ya yi awanni bai nemi fitsari ba, a fitar da shi daga layi nan take ko da saura mutum ɗaya a gabansa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗan ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a jiƙa masa kai da wuya da hammata ana fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi. Wasansa na ranar ya ƙare ko da ya ce ya warke, kuma in rabin awa ta wuce bai dawo daidai ba, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, a tafi asibiti. Idan kuwa jiki ya yi zafi rau, mutum ya rikice yana sambatu, ko ya kasa tsayuwa, ko ya fara jijjiga, ko ya suma bai farfaɗo nan da nan ba, wannan bugun zafi ne, zafin cikin jiki ya kai digiri 40 ko fiye, kuma yana iya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda cikin ɗan lokaci. A nan kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi ta fifita, a kwantar da shi ta gefe, a nufi babban asibitin Zinder ko mafi kusa ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Lambar 'yan kwana-kwana a nan Nijar 18 ce, ki sa ta a wayarki.

Kafin Sallah ina so ki kai yarinyar asibitin unguwa a duba ta, ki gaya musu abin da ya faru bara, a auna yawan jininta, a kuma yi mata gwajin sikila, wato amosanin jini, idan ba a taɓa yi ba. Ƙarancin jini yana sa yaro saurin jiri, mai amosanin jini kuwa rashin ruwa na daga cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo, kuma in akwai ɗaya daga cikinsu likita zai faɗa miki iyakar abin da za ta iya.

Maganar bakin mutane kada ki yi gardama da Hajiya a kanta. Ki roƙe ta ta tofa wa jikokinta addu'a kafin su fita, ta ji an ba ta girmanta, ke kuma ki riƙe jarkarki. Ba wanda ya hana ɗaya don an yi ɗaya. Shi kuma maigida kada ki tunkare shi da kukan yara, don ya riga ya ji shi bai sauya ba. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki ce masa kin gane inda aka yi kuskure bara, ki faɗa masa ranar da kika zaɓa da lokacin fita da na dawowa, ki nuna masa sakamakon asibiti da jarkar da ƙunshin gishiri da sukari, sannan ki roƙe shi ya zo tare da ku ya zama shi ne mai kula da ruwan. In ya amince, ki miƙa masa kofin tun daga ƙofar gida, ki ce ya fara da 'yar farin.